Yau da bakina na yi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da amarya da su Inna. Na san ka cika ka batse, wata huɗu ba ka ji daga gare ni ba. Bari in ba ka labarin tukuna, faɗan ya biyo baya.

Yau na je ayuntamiento na nan Valencia ni kaɗai, ba tafinta! Sakatariyar gari ke nan, kamar ta ƙaramar hukuma a wajenmu. Duk mai zama a Sifaniya can yake zuwa ya rubuta sunansa da gidan da yake kwana, rajistar da suke kira padrón, kuma da takardarta ake zuwa centro de salud, wato asibitin unguwa, neman katin ganin likita. Kwana goma sha biyu ina jiran cita previa, don a nan ba ka faɗa wa ofis haka kawai, sai an sa maka rana da lokaci. Na shiga, na miƙa fasfo da takardar haya, na ce "vengo a empadronarme", wato na zo yin rajista. Matar ta gane ni ba tare da na maimaita ba. Da na fito sai da na tsaya a bakin titi ina ta hamdala, wallahi har idona ya kawo ruwa.

Abin da ya buɗe mini kai wata 'yar wutsiya ce, -ería. Burodi pan ne, inda ake sayar da shi panadería. Nama carne, wajen mahauci carnicería, kuma a unguwar Ruzafa nake samun na halal. Aski a peluquería, ƙusa da kwaɗon kulle ƙofa a ferretería. Tunda na kama wannan sai allunan shagunan Valencia suka fara yi mini magana. Amma librería kantin sayar da littattafai ne, ɗakin karatu kuwa biblioteca, kada turancin nan naka da kake ji da shi ya ruɗe ka ranar da ka zo.

Kai, wai da gaske mai shayin bakin tasha ya ƙara aure? Ƙanena ya faɗa mini a waya, ban yarda ba. Kuma har yanzu kana nan da Barcelonarka? Allah ya shirye ka. Kullum ina wucewa ta Mestalla, filin ƙwallon ƙungiyar Valencia, in na shiga bas, sai in tuna musunmu.

Akwai wata ɗabi'arsu da ta burge ni. In ka shiga farmacia, kantin magani mai alamar koren kuros, ko ka je Mercado Central, babbar kasuwar garin, ba dole ka ga layi ba. Sai ka ce "¿quién es el último?", wa ne ne na ƙarshe? Wani ya amsa, shi ke nan ka san bayan wa kake, ba turereniya. Ƙananan shaguna da yawa kuma suna rufewa wajen ƙarfe 2 sai 5 na yamma, Lahadi kuwa yawancinsu a kulle.

Ga wadda na ajiye maka, kai ɗan makarantar allo. Shugaban gari sunansa alcalde, daga Larabci al-ƙadi, tushen da alƙalinmu ya fito. Kuɗin haya alquiler, man girki aceite, kuma in suna fatan abu sai su ce ojalá, da sunan Allah a ciki. Musulmi sun riƙe garin nan har 1238, ga sawunsu a bakin mutane. Duk sanda na ji irin waɗannan, kewar gida takan ɗan lafa.

Na so in tambaye ka wani abu kan filin nan, ya shige mini. Gobe da sassafe zan je Correos, gidan wayarsu, in aika wa Baba takardunsa, ka ce masa ya sa ido. Ka gaishe da kowa da kowa, har da abokin musunka.

Naka har kullum.