Godiya ga Marinan Ƙofar Mata, Musamman Dattijon da Ya Ce In Riƙe Kuɗina

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi wa marinan Ƙofar Mata godiya a bainar jama'a, domin wadda na yi musu da baki ranar da na karɓi kayana ba ta ishe ni ba. Ban saba irin wannan rubutu ba. Ƙorafi muka fi iyawa, kuma ni ma da shi zan fara, don sai an ji inda na fito sannan za a gane abin da ya zaunar da ni.

Bikin autata ne ya taso. Muka zauna da yayyena da ƙannena kan ankon kamu, wannan ta ce leshi, waccan ta ce atamfa, ni kuwa na kafe a kan rini. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, tana da wani zane rinin baba, shuɗi har ya koma baƙi, da take ajiyewa can ƙasan adaka, ba ta fito da shi sai da babban dalili. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshinsa. Na ce mu iyaye mata goma sha huɗu irinsa za mu ɗaura. Babbar yayarmu ta ce to, tunda ke kika jajibo, sai ki ɗauki wahalarki.

Na shiga Kantin Kwari na sayo farar shadda ta auduga mai kyau. Wata maƙwabciyata ta haɗa ni da wani saurayi da ke tallar rini a waya, hotunan aikinsa kamar ka sa hannu ka ɗauka. Ya karɓi kaya, ya karɓi fiye da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ce mako guda. Mako guda ya zama uku. Yau yaronsa ya yi tafiya, gobe an yi musu rasuwa, jibi babu wuta. Ni dai har yanzu ban gano haɗin rini da wutar lantarki ba. In na kira sau biyar ya ɗaga sau ɗaya, shi ma da muryar wanda aka tasa daga barci, kamar ni ce na ci bashinsa. Da ƙyar ya aiko da guda huɗu wai in ga somin taɓi. Na tsoma ɗaya a roba, kafin in juya ruwan ya koma kamar tawada, zanen kuma ya fito dabbare-dabbare. Galura ce kawai ya dama ya tsoma. Da na yi masa magana sai ya ce, "Hajiya, ai haka rini yake." Yayata da ta ji, dariya ta yi ta ce a rina, an saci zanen mahaukaciya. Sai da ƙanena ya taka har inda yake sannan muka karɓo ragowar goman, kuɗi kuwa sai dai a lahira. Saura kwana goma sha biyu biki.

Abin kunyar shi ne, a Kano aka haife ni, kuma ba zan iya ƙirga sau nawa na wuce ta gaban karofin Ƙofar Mata ba, ko za ni dubiya Asibitin Murtala ko ranar Idi. Kullum ɗauka nake wurin Turawa masu ɗaukar hoto ne da 'yan makaranta da ake kaiwa yawon buɗe ido. Ban taɓa kawowa a raina cewa mace irina za ta shiga da ƙunshin kaya a yi mata aiki ba. Ranar wata Talata da hantsi na hau adaidaita sahu, da goma na farko da sababbi huɗu da na saya a wani shago don cike gurbi, zuciyata a cunkushe, na riga na shirya faɗa tun kafin a tsokane ni.

Ba a ba ni damar faɗan ba. Wani dattijo da ke zaune bakin rami, da safar roba har gwiwar hannu, ya ɗago ya amsa sallamata, ya sa aka jawo mini benci zuwa inuwa. Sai da muka gaisa sosai, ya tambayi gida da yara, sannan ya ce in kwance kayan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa tsakanin yatsu. Da ya zo kan sababbin nan huɗu sai ya tsaya. Ya zaro zare ɗaya daga gefe, ya ce wa yaronsa ya miƙo ashana. Ya ƙona zaren tsohuwar shaddar, ya ci wuta ya zama toka, ya hure ta. Ya ƙona na sabuwar, sai ya nannaɗe ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri, yana warin leda.

"Hajiya, kin gani? Wannan da roba a cikinsa. Rinin baba ba ya kama roba. In na karɓa na tsoma miki, ranar biki za ki ga huɗu sun fita daban, ki ce na cuce ki."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi? Kwana ya ƙure."

Ya ce yaronsa zai raka ni Kwari, tunda ba nisa, ya zaɓar mini wanda zai karɓi rini. Haka kuwa aka yi, yaron nan ya bar aikinsa ya bi ni cikin rana, da na ba shi na ruwa ya noƙe, sai da na ce zan haɗa shi da Baba sannan ya karɓa da hannu biyu. Da muka dawo na fara kwatanta irin adon da nake so, mai cika zane tun daga sama har ƙasa. Nan ma bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce ɗaurin ba su ke yi ba, mata ne a cikin gidaje ke bi da zare suna ƙullewa ɗaya-ɗaya, kuma zane goma sha huɗu cikakken ɗauri ba zai yiwu a kwanakin da suka rage ba, sai dai in ƙarya nake so ya yi mini. Ya ba da shawara a yi ado a baki da tsakiya, sauran a bar shi shuɗi zalla. Na buɗe jaka zan ba da kafin alƙalami, ya ɗaga hannu. "Riƙe kuɗinki, Hajiya. In kin ga aiki kya biya." Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini, na yi kamar ƙura ce ta shiga idona.

Ban tafi nan da nan ba, na zauna ina kallo. Ramukan a jere suke a ƙasa, masu zurfi ƙwarai, wasu an kife su da murfin saƙa mai kama da malafa. Baba ya ce ganyen baba ne da toka da katsi ake haɗawa da ruwa, a bar shi ya yi kwanaki yana nuna, ana motsawa da muciya, kuma da hanci da ido suke gane ya kai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda zane ke fitowa daga ramin kore-kore, sai ya sha iska a hannun marini, kana kallo yana rikiɗewa yana komawa shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa. Yawan tsomi shi ne duhun launi, babu gajeriyar hanya. Can gefe kuma mabuga na ta kai wa shadda duka da manyan guduma na itace a kan gungume, sautin na tafiya tare kamar an shirya kiɗa. Na dubi farcen Baba da ya cire safa, shuɗi ya zauna a ciki daram. Muna ta cewa masu hannu da shuni muna nufin masu kuɗi, ashe ga inda maganar ta samo asali.

A bakin ƙofar wurin an rubuta 1498, wato tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Baba ya ce shi ma a hannun mahaifinsa ya koya, kuma yana yaro Buzaye na zuwa neman baƙin turkuɗi, irin wanda garin Kura ya yi suna a kai. Jikata da ke karanta tarihi ta ƙara mini da cewa Bajamushen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannen tufafin garin nan ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ni dai abin da idona ya gani shi ne ramukan da ba a aiki da su sun fi waɗanda ake aiki da su yawa, wasu ƙasa ta cike su.

Baba ya ce mini in dawo Alhamis ta sama bayan la'asar. Ranar Laraba da safe yaronsa ya kira ya ce an gama. Na ƙirga, goma sha huɗu cif, launi ɗaya, an buge su suna ƙyalli. Kafin in tambaya Baba ya riga ni, ya ce kada in tsorata in na ga ya ɗan saki a wankin farko da na biyu, shunin da ya kwanta a sama ne, daga nan zai tsaya. In wanke da ruwan sanyi, in shanya a inuwa, kada in jiƙa shi ya kwana a omo. Kuɗin da ya faɗa ranar farko shi na biya, ko sisi bai ƙaru ba.

Kamu ya yi kyau, alhamdu lillahi. A layinmu muka yi, aka shimfiɗa tabarmi, masu kiɗan ƙwarya suka raba dare, aka yi bandashe da gurasar Jakara, ƙuli-ƙuli da mai har suna ɗiga, ga zoɓo ga kunun aya. Dangin ango suka yi ta tambaya a ina muka samo zannuwan, wata ma cewa ta yi ko daga Mali aka kawo. Yayar tawa mai dariya ita ce ta fi kowa juyi a fili.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, me ya sa faɗin gaskiya da cika alkawari suka zama abin da har sai an rubuta wasiƙa a kansu? A wannan bikin kaɗai, tela ya sa ni sintiri sau shida. Wani ɗakin taro da muka fara tambaya, yarinyar da ke kan tebur sai da ta kalli takalmina kafin ta amsa gaisuwata. Gidajen abincin da ake ta buɗewa masu fitilu kala-kala, ka zauna rabin awa ba wanda ya ce maka sannu, a kawo abin da ba shi ka ce ba, in ka yi magana a haɗe rai. Kasuwa ta cika da yadi ɗan waje da aka buga wa zanen rini da inji, araha kamar banza, wanki uku ya koɗe, mu kuma muna rububi. Masaƙun da muka taso muka gani a Bompai da Sharaɗa yawancinsu sun rufe, yaran da ya kamata su gaji rami sun koma tuƙa adaidaita, kuma ban ga laifinsu ba.

Baba, ban sa sunanku ba don na san ba za ku so ba, amma in an karanta muku wannan za ku gane mai zannuwa goma sha huɗu ce. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya yi wa zuri'a albarka, Ya saka wa matan da suka yi ɗaurin, waɗanda ban gansu ba. A gaida yaron da ya raka ni Kwari. Huɗun nan da aka ɓata mini suna nan na ajiye, kun ce a kawo ku gani ko za su karɓi baƙi. Ina tafe da su bayan Sallah, tare da babbar rigar maigida da ke son bugu.

Taku,
Uwar amarya, daga cikin birnin Kano