Rahoton Ayyukan Shekara: Ruwan Kwatarmu da Kogin Jakara

Assalamu alaikum. Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Iyayenmu malamai da dattawa, 'yan'uwa maza da mata, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a wannan shekara.

Kusan duk ƙarfinmu bana ya tafi ne a kan ruwan ƙazanta. Mu a gindin Dala muke, a kan tudu, duk abin da ya fita ta rariyar gidajenmu gangarawa yake yi ya faɗa Jakara. Daga nan ya bi ta Kurmi da Fagge, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, har ya tsaya a madatsar Wasai da ke Minjibir. A bakin wannan ruwa ne masu lambun Kwakwaci ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, waɗanda mu ɗin dai muke saya. Rufe saman Jakara da aka yi a cikin birni ya rage wari, amma ruwan da ke ƙarƙashi bai canza ba.

Matsalar unguwarmu ta musamman ita ce marmara. Ƙasarmu ba ta shan ruwa sosai, sai sokawe ya cika da wuri, mai gida kuma ya fasa shi cikin kwata da dare ko lokacin ruwan sama. Wannan ɗabi'a tana damunmu ƙwarai, domin ta nan amai da gudawa da taifot ke shiga rijiyoyi.

Saboda haka muka gina matatar gwaji a bayan makarantar Islamiyya, da kuɗin karo-karo da aikin gayya. Rami ne mai ɗaki biyu, an shafe shi da siminti. A ɗakin farko dauɗa mai nauyi take kwantawa, maiƙo ya taso sama, ƙananan ƙwayoyin halitta su riƙa cinye sauran. Ruwan tsakiya ne ke tsallakawa ɗaki na biyu, sannan ya ratsa wani kwami na tsakuwa da yashi da muka dasa wa ciyawar jema, wadda saiwarta ke zuƙe ragowar ƙazanta. Matatar ba ta bukatar lantarki ko inji. Ruwan yana fita ba wari, ba kumfa. Amma don Allah a ja wa yara kunne: ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, na ban-ruwan bishiyoyin harabar ne kawai. Abin da ya fi ba mu wahala leda ce da ƙunzugun jarirai, su ne ke toshe bututu.

Yashe kwatoci ya ci gaba duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Matasa sun yi ƙoƙari, Allah Ya yi musu albarka. Iyaye mata kuma sun bi gida-gida suna roƙon a daina zuba toka da shara a kwata, kuma an ga bambanci da damina.

Dagwalon majemu na Sharaɗa da Challawa ya fi ƙarfin ƙungiyar unguwa. Sinadarin jima irin kuromiyam ba ya fita gaba ɗaya da yashi da ciyawa, kuma Kogin Challawa na cikin inda Kano ke ɗibar ruwan famfo. Wannan hurumin Ma'aikatar Muhalli ne da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007. Mun rubuta musu, tare da neman a tanadi wuri guda da motocin kwasar masai za su riƙa juyewa.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za a kwashe laka daga matatar kafin damina, sannan a gina ta biyu a gefen masallaci. Duk mai shirin haƙa sabon masai ya tuntuɓi kwamiti tukuna, don a nisanta shi da rijiya kamar mita 30. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi bayan wannan, masu bashin kuɗin wata kuma su same shi kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya