Godiya ga mai facin taya na garin Leonora

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in gode wa wani ɗan garejin faci da ke Leonora a Yammacin Ostiraliya, musamman dattijon da ke riƙe da wurin, Allah ya saka masa da alheri.

Daga Perth muka taso da iyalina za mu duba ƙanina da ke aiki a mahaƙar zinari. Zuwa Kalgoorlie kawai kusan kilomita 600 ne, muka leƙa Super Pit, ƙaton ramin zinarin nan mai tsawon kilomita 3.5, muka miƙa arewa. Mun wuce Menzies kenan taya ta fashe. Wallahi jar ƙasa ce iya ganinka, zafi ya haura 40, waya ba sabis, sai tireloli masu bodi uku-uku suna wucewa iskarsu na girgiza motar, ga safayar da kamfanin haya suka ba mu ita ma iskarta rabi ce, haka muka lallaɓa har garin Leonora yara duk sun galabaita. Da sabis ya dawo na kira kamfanin, danna ɗaya danna biyu, ƙarshe aka ce mu jira motar janwe daga Kalgoorlie, sama da kilomita 200, kuma mu za mu biya.

Dattijon nan har ya rufe, da ya hango yaran sai ya buɗe. Kafin ya kalli taya sai da ya shigar da su ofis ya kunna esi, ya ɗauko ruwan sanyi a firij. Ya sa yatsa ya nuna min tsagar da ke gefen tayar, ya ce faci ba zai riƙe ba, ba zai ci kuɗina a banza ba, ya sayar min da ta hannu mai kyau. Da na ce zan yi la'asar, da kansa ya share lungu ya shimfiɗa min kwali. Ya ja kunnena kada mu kama hanya bayan magariba saboda kangaru, dabbobin da ke tsallaka titi da dare, gara mu kwana, da safe mu ga Gwalia, tsohon garin mahaƙa da ke kusa, inda Herbert Hoover ya yi manajan mahaƙa a 1898 kafin ya zama shugaban Amurka.

A birni fa wasu garejin sai ka yi bukin tun sati guda, dubawa kawai kuɗi ne, ka tsaya a kanta ba mai ɗaga kai ya amsa gaisuwarka. Kamfanin hayar kuwa har yau ba su amsa saƙona kan safayar ba.