Sauƙin da baƙonku ya ce muna sha a makarantun Dubai lokacin azumi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Lahadi. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Baƙon da kuka gayyato ya zauna ya shaida wa duniya cewa mu baƙi mazauna Daular Larabawa mun fi kowa morewa idan azumi ya zo, wai an rage wa yara lokacin makaranta, an rage wa iyaye lokacin aiki, don haka duk mai ƙorafi ko dai butulu ne ko kuma bai san darajar watan ba. Mai gabatarwa ya ji wannan maganar ya wuce ta, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Wallahi wannan shirun ya fi maganar baƙon ƙona mini rai.

Ni Musulma ce, ina azumi, 'ya'yana da suka kai suna yi. Ban taɓa cewa kada a rage wa yaro mai azumi zaman aji ba, kuma ban san uwar da ta faɗi haka ba. Kukanmu shi ne makarantu ba sa faɗa mana sabon lokacin sai azumi ya zo bakin ƙofa, kuma lokacin da suke yankewa ba ya haɗuwa da na aikin kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Baƙonku ya yi ta maimaita cewa doka ta rage awa 2. Gaskiya ne, dokar ƙwadago ta rage wa ma'aikatan kamfanoni awa 2 a kullum cikin Ramadan, mai awa 8 ya koma 6. To amma hukumar KHDA mai kula da makarantu masu zaman kansu a Dubai ta ce karatu kada ya wuce awa 5 a rana. Shida da biyar ba ɗaya ba ne, kuma ba a ma sa tafiyar hanya a lissafin ba. Makaranta ta jinkirta buɗe ƙofa da safe, ta sallami yara tun rana na tsaka, uba kuwa yana can bakin aiki. Maigidana a Jabal Ali da ke Dubai yake aiki, mu kuma a Sharja, masarautar da ke maƙwabtaka da Dubai, muke zaune saboda hayar Dubai ta fi ƙarfinmu, kamar dubban iyalai irinmu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dubai zuwa Sharja da yamma cikin azumi ya san yadda motoci ke tsayawa cak, kowa na son ya isa gida kafin a sha ruwa. Awa biyun da aka rage masa a kan titi take ƙarewa. Ni kuma ma'aikaciyar jinya ce. Ba a rufe ɗakin marasa lafiya don an ga wata. Ana iya biyana kuɗin ƙarin lokaci, amma kuɗin ba zai je ƙofar gida ya tari 'yata ba.

Yarana ba makaranta ɗaya suke ba. Babban yana wata mai bin tsarin karatun Ingila a Dubai, ƙanana biyun suna wata mai bin tsarin Indiya a nan Sharja, don ita ce aljihunmu ya iya ɗauka. A azumin da ya wuce, saƙon ɗaya makarantar ya shigo wayata saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. Na ɗayar bai zo ba sai da aka riga aka sanar da ganin wata. Bayansa kamfanin motar ɗaukar yara ya aiko da nasa lokacin, aka shiga makon farko ya sake canza shi saboda cunkoso. Jadawalin aikina kuwa tun makonni kafin nan aka liƙa shi a bango, kuma ba a canza wa mutum aiki sai ya sami wadda za ta yarda su yi musanya. Wa zan roƙa? Abokan aikina su ma iyaye ne, su ma saƙon ya zo musu a makare kamar yadda ya zo mini.

Ran nan mota ta kawo ƙaramar, 'yar aji ɗaya, tun kafin lokacin da aka rubuta mana. Mai kula da yara a motar ta ƙi sauke ta saboda babu babba a ƙofa, kuma daidai ta yi. Aka yi ta kiran wayata ina ɗakin da ba a shiga da waya. Aka yi ta zagaya gari da yarinya har aka gama sauke kowa, aka mayar da ita makaranta, ta zauna a ofis tana kuka har babanta ya ɓallo daga wurin aiki. An zaftare masa albashin rabin yini. Da muka yi magana, amsar da makarantar ta ba mu ita ce ai an turo saƙo. Wannan shi ne sauƙin da baƙonku yake faɗa.

Abin da baƙonku bai gane ba shi ne wanda ya zo aiki daga wata ƙasa ba shi da kowa a nan. Ba kaka, ba gwaggo, ba ƙanwar uwa da za a ce ta leƙa ta karɓi yara. Kawo iyaye su zauna da kai sai mai albashi mai kauri, ɗaukar mai reno kuma da biza da komai ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne. Barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida kuwa ganganci ne, ga kuma dokar kare yara ta 2016 da ake kira Wadeema, wadda ba ta wasa da sakacin iyaye. Kusan mutum 9 cikin 10 na mazauna ƙasar nan baƙi ne, kuma yawancin 'ya'yansu a makarantun kuɗi suke. Ashe kuwa ba 'yan tsiraru ne ke wannan kukan ba.

Ga kuma Juma'a. Tun Janairun 2022 hutun mako ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin yini, amma Sharja ta ɗauki kwana uku har da Juma'ar. Wato ƙananana suna gida duk Juma'a, babansu yana aiki a Dubai. Mun saba da wannan, mun yi masa dabara. Sai a azumin 2025 aka mayar da karatun Juma'a ta intanet a makarantun gwamnati, makarantar babban ita ma ta ce wanda yake so ya zauna a gida, malamai za su koyar ta kwamfuta, kuma babu mota ran nan. Idan babu mota, ina zaɓin yake? Yara uku a ɗaki, kwamfuta ɗaya, ni kuma na kwana a asibiti.

Baƙon naku ya ce ai wata ɗaya ne kacal, a yi haƙuri. Masu shirya jarrabawa ba su san wannan haƙurin ba. Jarrabawar hukumar CBSE, wadda 'yan tsarin Indiya ke yi, daga Indiya ake tsara ta, a 2024 da 2025 duk ran 15 ga Fabrairu aka fara, ta ratsa Maris. Ta Cambridge, wadda 'yan tsarin Ingila ke yi, a Mayu da Yuni take, ko an gama manhaja ko ba a gama ba. Darasin da aka datse a aji ba ya ɓacewa, gida yake biyo yaro. Ɗana yakan dawo daga asham ya zauna kan aikin gida har tsakar dare, ya tashi sahur, ya kama hanya idonsa jajir. Ban ga laifin malamansa ba, su ma an matse su, an ce su cusa aikin awa bakwai cikin biyar. Kuɗin makaranta kuwa ko dirhami ɗaya ba a rage ba, na mota ma haka, har na wasannin bayan tashi da aka soke.

Abin da na kasa ganewa, kuma na so a ce mai gabatarwa ya tambaya, shi ne me ya hana a sanar da wuri. Azumi ba ya zuwa kwatsam. A 2023 ran 23 ga Maris aka fara a nan, a 2024 ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris. Kowace shekara yana matsowa da kwana 10 zuwa 12, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu yake, daidai kan jarrabawar 'yan tsarin Indiya. Ganin wata kwana ɗaya yake sauyawa, ba ya sauya lokacin buɗe ƙofa ko na tashi. Ma'aikatar ilimi ta iya fitar da kalandar shekara tun kafin a koma, har ta sa hutu ya fara 16 ga Maris 2026 ya haɗe da ƙaramar Sallah, kuma na yaba da hakan ƙwarai, domin mai son kai yara gida su yi Sallah da kakanninsu zai iya yankar tikiti tun bai yi tsada ba. To idan ana iya wannan, me zai hana kowace makaranta ta rubuta mana tun ranar da muke biyan kuɗin zangon farko cewa cikin azumi ƙarfe kaza za a shiga, ƙarfe kaza za a tashi, mota kuma ƙarfe kaza? Kuma ta bar ɗaki ɗaya a buɗe da malama guda, yaran da iyayensu ke aiki su jira a ciki. Iyakar abin da muke roƙo ke nan.

Akwai inda baƙon ya yi shaguɓe cewa waɗanda ba Musulmi ba ne ke ta da maganar. Wannan zalunci ne. Ina aiki da 'yan Filifin da 'yan Kerala, Kiristoci da Hindu. Su ne ke karɓar aikin magariba don mu samu mu sha ruwa a zaune, kuma ban taɓa jin ɗayarsu ta soki azumi ba. 'Ya'yansu ma ana sallamar su da rana tsaka, su ma ba su da mai tarar su. Bai kamata gidan rediyo ya bari a shafa musu baƙin fenti ba.

Ina roƙon ka, Malam Edita, ku sake shirin kafin azumi ya zo. Ku nemo uwa mai aiki, ku nemo direban motar makaranta, ku nemo malamar firamare, ku bar su su yi magana da bakinsu. Mutumin da ya zo Dubai taron mako ɗaya ya kwana a otel bai isa ya yi magana da yawunmu ba.

Sannan tunda na riga na ɗauki alƙalami, don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar mai karanta saƙonnin masu sauraro. Ya yi ƙarfi da yawa, mu masu saurare ta waya ba ma jin rabin abin da ake faɗa, sunan mai saƙo ma ɓacewa yake yi. Maigidana ya taɓa aiko muku da saƙo a kan haka, ba a karanta ba, kiɗan kuma yana nan yadda yake.

Na gode. Allah ya kai mu watan lafiya.

Mai sauraronku,
wata uwa daga Sharja, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa