Sanarwa: Zaman Karatun Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Zamanmu na wannan wata zai kasance ranar Asabar mai zuwa in Allah ya yarda, ƙarfe 4:30 bayan La'asar, a inda muka saba a Unguwar Rimi. Za mu tashi kafin Magariba saboda masu komawa Rigasa da Kawo.

Za mu ɗauki Tajuddin na Shaihu Al-Maghili, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, mu gwama shi da The Prince, littafin da marubucin Italiya Machiavelli ya rubuta a 1513 kan sarauta. Tazarar lokacin rubuta su ba ta da yawa, amma Al-Maghili ya ɗora mulki kan adalci da tsoron Allah, yana ta nanata cewa ɓuyan sarki ga talakawansa shi ne tushen ɓarna. Shi kuwa mutumin Italiya, damuwarsa yadda mai mulki zai riƙe kujerarsa. A ganina ana yawan zaginsa ba tare da an karanta shi ba, don haka kowa ya zo da shafin da zai kafa hujja da shi.

Tajuddin babi 8 ne kacal, ba uzuri. A karanta kafin a zo.

Kuɗin hoto-kwafi da ruwa naira 1,500 ne, a tura wa ma'aji zuwa Alhamis. Wanda ya ari Muƙaddimar Ibn Khaldun, don Allah ya taho da ita, ita ce ta wata mai zuwa.

Mai zuwa ya rubuta sunansa a nan. Allah ya kai mu lafiya, na gode.