Helike: sunan wata ne, sunan gari ne kuma

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ba na barin shirinku na kimiyya ya wuce ni. A makon jiya, da aka zo kan watannin da ke kewaya duniyar Jupita, wadda malamanmu ke kira Mushtari, mai gabatarwa ya ce an raɗa wa watan Helike suna ne don tunawa da wani tsohon garin Girka. Nan na ajiye kofin shayina. Suna ɗaya ne, amma ba a wurin garin aka aro shi ba. Watan, wanda masana a Jami'ar Hawaii suka gano a 2003, ya ci sunan wata aljana ce ta tatsuniyoyin Girkawa, wadda suka ce ita ta yi renon gunkinsu Zeus. Ɗan dutse ne mai faɗin kilomita 4 kacal, yana kuma zagaye a baibai, akasin yadda Jupita ke juyawa.

Kuskuren bai dame ni ba kamar yadda aka ambaci garin aka wuce. A shekara ta 373 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cikin wani daren hunturu, girgizar ƙasa ta afka wa Helike da ke kusa da gaɓar tekun Korinti. Ƙasa ta nutse, ruwa ya rufe garin da mutanensa. Marubutan da sun ce kwana biyar kafin nan ɓeraye da macizai suka yi ta ficewa daga garin. An aika mutum 2,000 su kwaso gawawwaki, suka koma hannu rabbana. Bayan kusan shekara 150, masu fito suka shaida wa masani Eratosthenes cewa gunkin tagulla na Poseidon, abin bautarsu na teku, na nan tsaye cikin ruwa, yana kama tarun masunta.

Masu bincike sun daɗe suna lalube a ƙasan teku, ashe garin na kan tudu. Laka ce ta cike wurin a hankali, har a 2001 Dora Katsonopoulou da Steven Soter suka tono shi kusa da ƙauyen Rizomylos.

Don Allah a gyara wancan bayani, a kuma ware wa garin shiri guda nasa. Yarana biyu tun ranar suke tambayata yadda ɓera ke sanin ƙasa za ta girgiza.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya