Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Ke Tada Tsoho Tsaye da Abin da Ke Zaunar da Shi

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da ƴan'uwa mambobin ƙungiya na nan Maradi, da waɗanda ke ci-rani suna aiko da gudummawarsu. Kamar yadda aka saba a ƙarshen kowace shekara, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi da kuɗinku da lokacinku. Muna fara wa da addu'a ga iyayen da muka shiga shekarar tare da su amma Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu ƙarshen.

Ayyukan da aka saba sun gudana: rabon hatsi da azumi, barguna da hunturu, rakiyar marasa lafiya zuwa asibiti, da awon hawan jini da ciwon suga. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a wurin taro, kuma littafinsa a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Abin da ya fi cin ƙarfinmu bana shi ne aikin motsa jiki ga tsofaffin da jiki ya yi wa rauni, don haka a kansa za mu tsaya.

Ba kowane mai furfura muke nufi ba. Akwai dattijon da har gobe yana sauka fadamar gulbi ya duba lambunsa, wannan ya fi wasunmu ƙarfi. Waɗanda muke bi su ne masu alamomin da likitoci ke dubawa: ramewa ba gaira ba dalili, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, tafiyar da ta koma jan ƙafa, da ƙarancin motsi. In uku cikin biyar ɗin nan suka haɗu ga mutum, ciwo kaɗan na iya kwantar da shi kwanciyar da ba zai tashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, ya kuma yi atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye don kauce wa faɗuwa. Ta ƙara da cewa wanda bai iya kai nan ba ya yi gwargwadon ikonsa, kaɗan ya fi babu. Yawancin iyayenmu a wannan gwargwadon iko suke.

Bayanin amfanin motsi bai taɓa ba mu wahala ba. Matar da ta yi rayuwarta tana daka da jan guga ba sai an zo da allo an gaya mata cewa aiki na ƙarfafa jiki ba. Ta sani. Abin da ya zaunar da ita wani abu ne daban, kuma shi muka shekara muna fama da shi gida-gida.

Na farko tsoro. Wata Inna a unguwar Bagalam ta zame a bakin makewayi da damina. Ba ta karye ba, ko mai ɗori ba a kira ba, amma tun ranar ta ɗaura aure da tabarma. A kawo mata buta, a kawo mata fo, a kawo mata abinci. Da muka same ta, sai ta dafa mutum biyu take miƙewa. Haka abin yake tafiya: tsoron faɗuwa ya hana motsi, rashin motsi ya cinye naman cinya, ƙafa ta ƙara rauni, faɗuwar da ake gudu ta ƙara matsowa. Kuma tsoron ba na banza ba ne, domin hukumar nan ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara. Cewa da ita "Inna ki daure" bai motsa ta ba. Abin da ya yi aiki shi ne kujera mai ɗan tsayi da aka jingina da bango, ta zauna ta tashi, mace ɗaya a gefenta, ita da kanta tana ƙirgawa da tasbaha. Daga nan sai bin bango zuwa dokin ƙofa, daga baya zuwa zaure. Ranar da ta ga wata sa'arta, wadda ta san ta fi ta laushi, ta tako da sanda ta zo gaishe ta, ranar ce ta nemi a miƙo mata takalminta. Mun ga haka a gidaje da dama: tsoho yana yarda da ƙafarsa ne in ya ga ta ɗauke shi jiya, ko ya ga ta ɗauki tsaransa.

Na biyu ya fi wuyar faɗa, don mu ne. Mu ƴaƴa da jikoki da surukai. Tarbiyyarmu ta ce kada babba ya ɗauki abu yaro na zaune, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a gidan da tsoho ya fara rauni, "Baba zauna, bari a kawo maka" sau ashirin a wuni yana gama abin da ciwo ya fara. Wani magidanci a unguwar Zariya ya tare mu a ƙofar gida ya ce, "Ku kuna so a ce na bar uwata tana shara ina da mata biyu?" Ba mu ga laifinsa ba, bakin mutane yake tsoro. Masu ci-rani kuma, da Kano da Abijan da Libiya, suna bugo waya su ce kada a bar Hajiya ta taɓa komai, ga kuɗi a ɗauki yarinya. Niyyar alheri ce, sai dai Hajiyar ce ke biya da gwiwarta. A ganin kwamiti, zaman da muka yi da iyalai ya fi wanda muka yi da tsofaffin kansu amfani. Roƙonmu ɗaya ne: a bar wa tsoho aikin da yake iyawa. Ta tsince wake, ta ɓare gyaɗa, ta ba awaki dusa, ta cika butarta. Jikan da ake aikowa ya kawo wa Kaka abu, a mai da shi mai rakiyar Kaka ta je ta ɗauko.

Sai kunya. Dattawa maza sun ƙi ɗaga hannu da ƙafa a tsakar gida, gaban surukai da jikoki. Wani ya kira abin wasan yara, wani ya ce ko a gaban ɗan fari ba zai yi ba. Da aka mayar da shi zaure bayan sallar asuba, tsara da tsara, babu yaro ko ɗaya, sai ga gardama ta ɓarke kan wa ya fi wa tashi ba dafawa. Mata sun fi saurin karɓa, kuma ba abin mamaki ba ne a jihar da tsarin asusun mata na Mata Masu Dubara ya samo tushe tun 1991: sun saba da haɗuwar mako, sun saba da cigiyar wadda ba ta zo ba. Cikin gida mai katanga suke yi, da hira da tsokana, wani lokaci har da ƴar waƙar daka. Wadda ta yi fashi sau biyu, sai ta ga ayari a ƙofar ɗakinta.

Mun kuma lura ba wanda ya ɗore don an ce masa lafiya. Kowa da abin da yake son komawa. Wani so yake ya sake yin sallah a tsaye. Addini ya sauƙaƙa wa marar iko ya yi a zaune, malamanmu sun nanata haka don kada wani ya ji an zarge shi, amma dattijon da ke kewar sahun farko ba ya buƙatar a tuna masa atisayensa. Wata tana adashen Hajji, da aka gaya mata cewa tsakanin Safa da Marwa kaɗai sawu bakwai ne, jimillarsu ta haura kilomita 3, ita ta riƙa tada maƙwabtanta. Wasu kuwa taron suna da biki da gaisuwar rasuwa suke jin ciwon rasawa, tunda zumunta a ƙafa take. Yanzu tambayar farko da masu ziyararmu ke yi ita ce, "Baba, ina kake son zuwa da ka daina zuwa?"

Akwai waɗanda ba mu iya tadawa ba, kuma ya kamata ku sani. Mafi yawansu masu baƙin ciki ne. Mace ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, ta fita takaba amma ba ta sake fita ɗaki ba. Namiji ya bar rumfarsa ta kasuwa ga ƴaƴa, abokan hirarsa sun riga shi, ya ce me ya rage. Irin waɗannan kujera da bango ba su ishe su ba. Ziyara suke buƙata a kai a kai, wasunsu kuma ganin likita, don damuwar zuciya ciwo ce da ake magani. Haka nan tsohon da bai karya kumallo ba, ba a ce masa ya tashi ya zauna sau goma. Shi ya sa muka karkatar da wani ɓangare na tallafin hatsi zuwa wake da ƙuli-ƙuli da nono.

Yanayi ma ya yi nasa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sai da sassafe kawai ake fita. Da azumi an sassauta, da damina lunguna sun cika da ruwa da santsi, da hunturu ƙura da sanyi sun tsare masu tari a ɗaki. Bayan kowane hutu, waɗanda aka je aka ɗauko su ne suka dawo. Ƙa'idarmu ba ta canza ba: mai jin ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya tsaya nan take a kai shi asibiti, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ba ya farawa sai ma'aikacin lafiya ya duba shi. Mu ba likitoci ba ne, ba ma ba da magani.

A shekara mai zuwa kwamiti na neman amincewarku kan abu uku. A sa ƙarfen dafawa a makewayin gidajen da aka taɓa faɗuwa, a kuma zuba ƙasa inda ke santsi. A nemi masu unguwanni su yarda a ajiye benci a inuwa tsakanin gidaje da masallatai, don sanin cewa akwai wurin hutawa a hanya yana fito da wanda da ba zai fito ba. Sannan taron 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, a mai da shi na ƴaƴa da surukai, su ne za a yi wa magana. Muna kuma ƙarancin mata masu ziyara a Mokoyo da Sabon Gari, inda namiji ba zai shiga ba. Duk mai tsoho a gida da ya daina fita, ya sanar da wakilin unguwarsa kafin taron wata mai zuwa. Ziyarar farko gaisuwa ce kawai.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa